Maigidana ya ce in ajiye maganin da ya dawo min da hannuwana

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, shekarata 31, ina da 'ya ɗaya mai shekara huɗu. Shekara biyu da suka wuce yatsuna da wuyan hannuna suka fara kumbura. Da safe sai in tashi hannuwa a sandare, in fi awa ɗaya ban iya dunƙule su ba, har ta kai ko maɓallin rigar yarinyata ba na iya sakawa. Bayan yawon asibiti da gwaje-gwaje, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, irin wanda garkuwar jiki ke jawowa. Ya ɗora ni kan Methotrexate, ƙwaya shida rana ɗaya a mako, da folik asid, da Prednisolone kullum da safe. Wata takwas ke nan, kuma wallahi na samu sauƙin da na riga na cire rai da shi.

Matsalar ita ce maigidana ya karanta a intanet cewa maganin na ciwon daji ne, kuma yana karya garkuwar jiki. Tun ranar hankalinsa bai kwanta ba. Mura ta kama ni sau biyu, ya ce ga shi nan an fara. Surukata kuma ta ce fuskata ta kumbura, maganin ne yake ci na, har ta kawo min wani haɗi wai na ƙara garkuwa. Ga shi muna son ƙarin haihuwa. Likita ya ce kada in ɗauki ciki, amma bai ce har yaushe ba, ni kuma na ji nauyin tambaya. Yanzu maigidan ya ce in ajiye magungunan duka, har da na tazarar haihuwa, mu bar wa Allah. Sai nan da mako shida zan koma asibiti. Ina tsoron ciwon ya dawo, ina kuma tsoron ɓacin ransa. Anti, yaya zan yi?

Ƙanwarki da ke cikin ruɗani

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu, Allah Ya ƙara sauƙi. Wurin maɓallin rigar nan ya tsaya min a rai, domin wanda bai taɓa kallon yatsunsa suna ƙin yi masa biyayya ba, ba zai gane abin da dawowarsu ke nufi ba. Tsoronki yana da dalili, na maigidanki ma yana da dalili, kuma zan zo kan duka biyun. Amma akwai abu biyu da ba za su jira ƙarshen wasiƙar nan ba.

Kada ki ajiye Prednisolone rana ɗaya. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar da sinadarin kotisol, wanda ke riƙe hawan jini da sukarin jini, yake kuma tallafar jiki idan rashin lafiya ta zo. Prednisolone kamanninsa ne da aka haɗa. Idan mutum ya sha shi fiye da mako uku, waɗannan halittu kan ga aikinsu ya samu mai yi, sai su yi sanyi. Ke kuwa wata takwas kina sha. Idan kika yanke shi kwatsam, jiki zai wayi gari ba na waje ba na ciki: kasala mai tsanani, jiri, amai, jini ya faɗi ƙasa, wani lokaci har a rasa rai. Shi ya sa a hankali ake janye shi, mataki-mataki, likita yana kallo. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Na biyu, kada ki daina tazarar haihuwa muddin kina shan Methotrexate. Maganin yana tare hanyar folik asid, wani nau'in bitamin, a jiki, ɗan tayi kuwa a makonnin farko da wannan bitamin yake gina ƙwaƙwalwa da ƙashi da gaɓɓai. Yana jawo ɓari, yana kuma iya jawo naƙasa ga jariri. Idan ma tuni an samu saɓani, ko al'adarki ta yi jinkiri, ki yi gwajin ciki yau. In ya nuna akwai, kada ki sha ƙwayoyin wannan makon, ki ci gaba da folik asid da Prednisolone, ki nemi likita a ranar. Kin ga ke nan umarnin "ajiye duka" ya haɗa abu biyu masu hatsari a numfashi ɗaya, kuma na tabbata da maigidanki ya san haka da bai faɗa ba.

Yanzu mu dawo kan kalmar da ta tayar masa da hankali, wato "karya garkuwa". A ciwonki, wanda likitoci ke kira rumatoyid, garkuwar jiki ba rauni ta yi ba. Ɗimuwa ta yi, ta daina bambance baƙo da ɗan gida, ta koma tana kai wa shimfiɗar cikin gaɓɓanki hari. Kumburin da zafin da sandarewar safen duk ɓarnar wannan hari ce. Haka abin yake a lufus, da wasu cututtukan kumburin hanji, da wasu na fata da ido da ƙoda, shi ya sa za ki ga masu ciwo daban-daban suna shan magunguna iri ɗaya. Aikin maganin shi ne ya rage wa garkuwar ƙarfin hannu daidai yadda za ta bar gaɓɓai su huta, ba ya kashe ta. Ba kuma ke kaɗai ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 18 ne ke da rumatoyid a 2019, kusan kashi 70 cikin ɗari mata.

Zancen ciwon daji gaskiya ne, amma rabinta. An fara amfani da irin wannan magani a ƙarshen shekarun 1940 don sankarar jini, daga baya aka gano ɗan kaɗan daga cikinsa yana kwantar da kumburin gaɓɓai, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi don rumatoyid a 1988. Bambancin yana wajen yawa. Ƙwayoyinki shida, idan masu miligiram 2.5 ne, miligiram 15 ke nan a mako, kuma a wannan ciwo da wuya a wuce 25. Mai ciwon daji ana iya ɗura masa ɗaruruwa ko dubbai ta jijiya a zama ɗaya. Abin da ake karantawa a intanet na zubewar gashi gaba ɗaya da kwanciya a asibiti, galibi labarin wancan adadin ne. Shekara sama da talatin ke nan wannan magani shi ne na farko da ake fara ba masu rumatoyid a duniya, kuma an san halinsa ciki da bai.

Duk da haka ba zan ce miki ruwan sanyi ne ba, don in na faɗa na cuce ki. Maigidanki ya yi gaskiya cewa mai shan waɗannan magunguna ya fi saurin kamuwa da cuta, kuma idan ta kama shi tana iya yin nauyi. Methotrexate yana iya taɓa hanta, yana iya rage aikin ɓargo har fararen ƙwayoyin jini su yi ƙasa, wasu kaɗan kuma yana kumbura musu huhu. Abin da ke sa a sha shi hankali kwance shi ne gwajin jini: ƙidayar ƙwayoyin jini da aikin hanta da ƙoda, akai-akai a farko, sannan duk wata biyu ko uku idan komai ya daidaita. Gwajin kan hango matsala tun jiki bai ji ta ba. A wasiƙarki ba ki ambaci gwajin jini ba bayan fara maganin, kuma wannan ya fi damuna fiye da murar nan biyu. Mura sau biyu a wata takwas, a gidan da ke da yarinya 'yar shekara huɗu, ba abin mamaki ba ne ko ga mai cikakkiyar lafiya. Amma idan an fi wata uku ba a ɗebi jininki ba, to wannan shi ne abin da ya kamata a tayar da hankali a kai, kuma shi ne aikin wannan makon.

Akwai 'yan abubuwan da nake so su zame miki jiki. Methotrexate sau ɗaya ne a mako, rana ɗaya tak, kuma mafi munin haɗurran da aka samu da shi sun faru ne inda mutum ya ɗauka kullum ake sha. Ki tsayar da ranarki, ki rubuta ta a jikin kwalin, folik asid kuma a wata ranar daban kamar yadda aka tsara miki. Duk lokacin da kika karɓo sabon kwali ki duba lambar, domin akwai mai 2.5 akwai mai 10, kuma shida na wannan ba shida na wancan ba ne. Duk wanda zai rubuta miki magani, ko na haƙori ne, ki fara gaya masa abin da kike sha. Septrin musamman, da duk maganin da ke da Trimethoprim, ba sa haɗuwa da Methotrexate, haɗa su na iya durƙusar da ɓargo. Magungunan ciwon jiki irin su Ibuprofen da Diclofenac ma sai da sanin likitanki.

Idan zazzaɓi ya kai digiri 38, ko maƙogwaro ya yi ciwo sosai, ko baki ya fashe da gyambo, ko kika ga busasshen tari da haki wanda ba ki saba ba, ko ido ya yi rawaya, ko jini na taruwa a ƙarƙashin fata ba tare da kin bugu ba, kada ki sha Paracetamol ki kwanta ki ce sai gobe. Ki dakatar da Methotrexate, ki ci gaba da Prednisolone, ki je a duba ki a ranar. Prednisolone kan ɓoye zazzaɓi, don haka ko jiki bai yi zafi sosai ba, in kin ji ba daidai ba ki je. Haka idan kika zauna da mai ƙarambau ko ƙyanda alhali ba ki taɓa yi ba, ki sanar da likita da wuri. Batun rigakafi kuwa, masu matacciyar ƙwayar cuta irin na mura da ciwon huhu da ciwon hanta nau'in B ana ma so ki yi su. Masu rayayyiyar ƙwaya da aka raunana, kamar na shawara da na ƙyanda, su ne ba a yi sai likita ya duba adadin da kike sha ya amince.

Surukarki ma idonta bai yi ƙarya ba. Fuskar da ta cika, aikin Prednisolone ne, ba Methotrexate ba. Dangin Prednisolone na da tarihi mai ban sha'awa. A 1948 wani likita a asibitin Mayo na Amurka, Philip Hench, ya ba wata mata da rumatoyid ya kwantar allurar kotizon, ɗan'uwan Prednisolone, cikin 'yan kwanaki ta miƙe tana tafiya. A 1950 aka ba shi kyautar Nobel tare da wasu masana biyu. Ba a daɗe ba kuma aka ga kuɗin da jiki ke biya idan an daɗe ana sha: ƙiba a fuska da ciki, ciwon suga, hawan jini, laushin ƙashi, yanar ido. Saboda haka a yau ana ɗaukarsa gada ne kawai. Methotrexate kan ɗauki mako shida zuwa goma sha biyu kafin ya kama aiki, sai a ba da Prednisolone ya riƙe mutum kafin nan, sannan a janye shi. Bayan wata takwas, kuma kin samu sauƙi, kina da cikakken haƙƙin tambayar likita yaushe za a fara rage shi. A ganina ma ya kamata a ce an riga an fara wannan magana. Idan aka janye shi a hankali, fuskar kan koma yadda take. Wannan albishir ne da za ki iya kai wa surukarki da bakinki.

Haɗin da ta kawo kuwa, ki karɓa hannu biyu ki yi godiya, domin ƙauna ce ta kawo shi, amma kada ki sha. Garkuwarki ba ƙari take nema ba, ita ce ma ta yi yawa a inda ba a so. Sannan hantarki tana da aikin sarrafa Methotrexate, kuma ba wanda ya san abin da ke cikin haɗin. Idan gwajin hanta ya ɓaci, ba za a san wanne ya ɓata ba, sai a raba ki da maganin da ke yi miki aiki a kan laifin wani. Kina iya cewa, "Mama, likita ya hana ni haɗa komai da wannan har sai an gama gwaji, amma zan kai masa ya gani." Ki kuma kai ɗin.

Akwai ɓangaren da ba a sa a ma'auni ba a gidanku, wato abin da ciwon kansa ke yi idan aka sake shi. Rumatoyid ba zafi kaɗai ba ne. Kumburin yana cin guringuntsi da bakin ƙashi, sau da yawa tun a shekara biyun farko, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Yatsun da suka karkace ba maganin da ke miƙar da su. Kumburin da aka bari yana kuma ƙara haɗarin ciwon zuciya. Illar magani ana ganinta a rubuce a takarda, shi ya sa take ba da tsoro, ita kuwa illar rashin magani sai ta gama aiki ake ganinta.

To yanzu maganar da na san ita ce a ƙasan zuciyarki. Ƙanwata, ba a ce ki zaɓa tsakanin hannuwanki da haihuwa ba. Mata masu rumatoyid suna ɗaukar ciki su haihu lafiya, sai dai da shiri. Likita zai tsayar da Methotrexate, ya musanya shi da wanda bai da matsala da ciki, ku ci gaba da tazara na wani lokaci. Ƙa'idoji sun bambanta a kan tsawon jiran, daga wata ɗaya har zuwa shida, likitoci da yawa kuma kan ce uku. Hydroxychloroquine, wanda asalinsa daga dangin maganin zazzaɓin cizon sauro ya fito, ana shan sa da ciki da shayarwa, illa dai ana duba ido lokaci-lokaci idan an daɗe a kansa. Sulfasalazine ma haka, tare da folik asid. Akwai Azathioprine, kuma idan ciwon ya yi taurin kai akwai allurai na zamani masu tare sinadarin kumburi da ake kira TNF, waɗanda kafin a fara su sai an bincika tarin fuka da ciwon hanta, don suna iya tayar da wanda ke kwance a jiki. Ɗaya daga cikinsu, Certolizumab, kusan ba ya ƙetarawa zuwa ga jariri. Waɗanda ba a yarda da su ba ga mai ciki sun haɗa da Methotrexate ɗin kansa da Leflunomide da Mycophenolate, don haka duk maganin da aka sauya miki ki tambaya kai tsaye ko ya dace da mai neman ciki.

Abin da ake so shi ne ciwon ya kwanta na wasu watanni a kan sabon maganin kafin a nemi cikin, domin ciwon da ke tashe kan jinkirta samun ciki, yana kuma ƙara yiwuwar haihuwa kafin lokaci ko jariri maras nauyi. Mata da yawa kan ji sauƙi suna da ciki. Shi Hench ɗin ma lura da wannan na cikin abin da ya sa shi neman kotizon tun farko. Sai dai ciwon kan dawo a watannin bayan haihuwa, daidai lokacin da kike buƙatar hannuwa don ɗaukar jariri, don haka shirin ya haɗa har da bayan haihuwa. Duka-duka muna maganar watanni ne. A shekara 31 kina da wannan lokacin.

Likitanki ya gaza a wuri ɗaya: ya ce kada, bai ce har yaushe ba. Ke ma kin bar nauyin baki ya hana ki tambayar da ta fi kowace muhimmanci. Ba zargi nake ba, mata da yawa haka muke a gaban likita. Amma kada ki jira mako shida. Ki nemi a matso da ranar, ki ce kina shirin haihuwa kuma ana matsa miki ki daina magani. Wannan dalili ne da kowane asibiti zai fahimta.

Maigidanki kuma, ki daure kada ki mai da shi abokin gaba a wannan magana. Mutumin da ya zauna yana bincika sunan maganin matarsa, tsoron rasa ta ne ya sa shi. Ki zaɓi lokacin da yake cikin natsuwa, ki fara da abin da kuka haɗu a kai. Ki ce masa kin ji tsoronsa, ke ma kina son haihuwar, kuma kin gano akwai hanyar barin wannan maganin ba tare da an cutar da ke ko jaririn ba, amma sai da likita, kuma kina so ya raka ki ya yi tambayoyinsa da kansa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma abin da zai yi miki musu a kai a ɗaki, da wuya ya musa wa takardar gwajin jini. Maganar bar wa Allah kuwa gaskiya ce, amma neman magani ba ya cikin abin da ke warware tawakkali, kuma shi ma ya san haka idan hankalinsa ya kwanta. Ki tuna masa cikin ladabi yadda safiyarki take shekara biyu baya, don shi ma ya gani da idonsa. Sannan ki ba shi aiki a ciki: ya riƙe ranar ƙwayoyin mako, ya riƙe ranakun gwaji, ya san alamomin da za su sa a tafi asibiti. Tsoron da aka ba aikin yi ya fi sauƙin zama da shi.

Idan ya ce ba zai je ba, ki nemi likita ya rubuto tsarin a takarda, ko ya yi magana da shi ta waya kina wurin. Idan shakkarsa a kan likitan ne, ku ga wani ƙwararren likitan gaɓɓai na biyu, wannan ba laifi ba ne. Idan kuma ya kafe, ki sa wani babba da yake jin nauyinsa, naki ko nasa, ya shiga maganar. Abin da ba na so shi ne ɓoye-ɓoye, ko ki daina a asirce don ki faranta masa, ko ki ce kin daina alhali kina sha. Na biyun ma ya fi haɗari, domin zai ɗauka hanya a buɗe take ga ciki. Ki faɗa masa a fili, da murya mai taushi, cewa Prednisolone da tazara ba za ki iya tsayar da su ba sai kun ga likita.

Ranar da za ku je, ki tafi da kwalayen magungunan duka da haɗin surukarki, da ranar da aka yi miki gwajin jini na ƙarshe. Ki rubuta tambayoyinki tun a gida don kada nauyin baki ya sake cinye su: yaushe za a fara rage Prednisolone, da wane magani za a musanya Methotrexate, wata nawa za ku jira, kuma wa za ki kira idan zazzaɓi ya zo da dare. Ki rubuto min bayan kun dawo, ina son jin abin da aka tsara. Ki shafa min kan yarinyar, Allah Ya ba ta ƙani ko ƙanwa cikin lafiya.